Mailaima a Bakin Ƙofa

"A baibai kuka sa shi! Ku juya shi!"

Wani dattijo ne ya fara ɗaga murya, kafin ka ce kwabo filin Ƙofar Mazugal ya ɗauka gaba ɗaya. Yara suna tsalle suna nuna farin ƙyallen da aka ɗaura a jikin motar majigi, manya suna tafa hannu suna salati. An gama nuna yadda ake shuka gyaɗa a layi, kowa ya yi shiru ya kalla. Amma da aka sako zane mai motsi, sai ga Mailaima, dogon mutumin nan siriri mai ƙaramar malafa da laima a hammata, wanda duk unguwa ta san shi kamar ɗan gida. Sai dai wannan Mailaiman daga ƙofar gidan uwarsa ya fara. Tsohuwa ta ɗaga hannu, ya saɓi jaka ya juya mata baya.

"Kai, ƙarshen ke nan! Wa ke fara labari daga ƙarshe?"

Ashafa baduku yana tsaye can baya, ya harɗe hannu, ransa a ɓace. Ko a nan ma, a gaban injin Turawa, sunan Ilu ake kira.

Ilu maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba su, kuma tare suka yi makarantar allo. Kayan yaji yake sayarwa a Kasuwar Kurmi. Wata rana cikin tsofaffin takardun da yake saya don ƙulle citta da kanumfari ya tsinci wani littafi na Turawa, zane ne tun daga bango har bango. Ilu bai san ko harafi ɗaya na boko ba, amma Allah ya ba shi baki. Shi ya raɗa wa mutumin suna Mailaima, shi ya ba shi murya ta hanci, shi ya san abin da yake faɗa wa kare da direban jirgin ƙasa. Kullum bayan la'asar zai shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya ɗaga littafin, ya fara daga inda Mailaima yake shi kaɗai cikin ɗan kwalekwale a tsakiyar ruwa, ya bi da shi gari-gari har ya kawo shi gaban wata jar ƙofa, uwarsa ta ɗaga hannu tana yi masa maraba.

Kafin littafin nan, ƙofar Ashafa ce majalisa. Shi ne ya taɓa zuwa Ikko, ya ga teku da idonsa, ya hau jirgin ƙasa na gaske, ba na takarda ba. Amma tun da Mailaima ya shigo unguwa, Ashafa ya koma yanka fata shi da ƙudaje. Har Turai matarsa, in ta kawo masa tuwo, sai ta riƙa kwaikwayon muryar hancin nan tana dariya. Shekaru yana haɗiye wannan abu, kuma wallahi bai taɓa wuce masa maƙogwaro ba.

Majigi ya ci gaba. Mailaima ya hau jirgin ƙasa, kare ya yaga masa wando, babban jirgin ruwa ya nutse, aka bar shi cikin kwalekwale yana ɗaga laima, kiɗa ya tashi, ƙyalle ya yi fari. Jama'a suka watse suna tsaki.

"Da Baba Ilu na da lafiya, da ya zo ya koya musu."

Ashafa ya matsa wajen motar. Mai kula da injin, wani saurayi ɗan boko da ake kira Malam Sani, yana naɗe waya yana share gumi.

"Malam, da gaske a baibai kuka sa?"

"Haba Baba, inji ba ya yin baibai. Da a baibai ne ai da baya-da-baya za ku ga yana tafiya." Ya ɗan tsaya. "Wai wane ne Ilun nan da na ji ana cewa yana da littafin Mailaima? Ta ina yake buɗe littafin?"

"Ta inda ake buɗe littafi mana. Ta dama."

Malam Sani ya yi dariya har ya dafa mota. "To, shi ke nan. Littafin Turawa ta hagu ake buɗe shi. Mutuminku daga ƙarshe yake farawa."

Wani sanyi ya ratsa Ashafa tun daga kai har ƙafa. Daɗi ya ji, ba sai an ɓoye ba. Ya tafi gida yana taku kamar wanda aka yi wa naɗi.

Da safe ya shiga duba Ilu. Tun damina ciwon ƙirji ya kwantar da shi, yanzu an fito da shi zaure don ya riƙa shan iska. Ya rame har zoben azurfarsa ya koma babban yatsa. Ga kwanon kunu a gefe ba a taɓa ba, ga littafin a ƙarƙashin matashi, bangonsa duk ya yi baƙi da maiƙon hannu, yana ƙamshin kanumfari. Mutane huɗu ko biyar suna zaune, kowa yana rige-rigen ba shi labarin jiya. A bayan labulen ƙofar cikin gida ana ganin ƙafafun Mero, matarsa.

Kowa a unguwa ya san dalilin da ya sa Mero take zama a wurin nan. Ɗansu na fari, Garba, ya tafi Makka da ƙafa tun kafin yaƙi, har yau ko saƙon baki ba a samu ba. Ita ba ta faɗin sunansa, sai dai "yaron nan". Duk ranar da Ilu ya kusa kai Mailaima jar ƙofa, sai an ga ƙafafunta a bayan labule, shi kuma muryarsa sai ta ɗan yi rawa. Ashafa ma ya sani. Ya sani sarai.

"Sannu, Ilu. Yaya jiki?"

"Da sauƙi, Ashafa. Ka ji abin da suke faɗa? Wai an nuna mutumina yana tafiya da ƙafarsa."

"Yana tafiya, Baba, amma ba shi da daɗin baki," in ji wani matashi. "Muryarsa kamar ta agwagwa. Kuma sun rikita labarin. Wallahi su da suka yi shi ma ba su kai ka saninsa ba."

"Ai Malam Ilu daban ne," in ji liman na masallacin lungu. "Unguwar nan ba a taɓa yin mai baki irinsa ba."

Ba a taɓa yi ba. A gaban Ashafa aka faɗi haka, yana zaune, ba wanda ya ko waiwaye shi. Da zai shigo ya ce wa kansa zai bari sai mutumin ya warke, amma bakinsa ya riga shi.

"Ba su rikita komai ba. Na tambayi mai injin. Littafin Turawa ta hagu ake buɗe shi. Duk shekarun nan a baibai kake karanta mana."

Liman ya buɗe baki, Ilu ya ɗaga masa hannu.

"Miƙo min shi."

Ashafa da kansa ya zaro littafin ya ba shi. Ilu ya juya shi, ya buɗe ta hagu, abin da hannunsa bai saba ba. Ga jar ƙofa a shafin farko. Ga tsohuwa da hannu a sama. Ya daɗe yana kallonta. Ya buɗe na gaba, ga jirgin ƙasa. Ya yi ta buɗawa a hankali, yana lasar yatsa, har ya kai ruwa. Sai ya koma shafin farko.

"Ashe ban kwana take yi masa," ya ce.

Ƙafafun da ke bayan labule suka janye.

Ashafa ya jira a zage shi. Da an zage shi da ya ji sauƙi, don ya tanadi amsa. Amma Ilu rufe littafin kawai ya yi, ya tura masa shi a kan tabarma.

"Riƙe shi, Ashafa. Kai ka ga teku. Ni ban taɓa ganin ruwan da ya wuce kududdufin bayan ganuwa ba."

Ya juya fuska wajen bango ya ce yana son ya ɗan runtsa. Mutane suka tashi ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yi wa Ashafa sallama.

Ranar Alhamis da hantsi Ashafa yana goga jar fata a kan dutse, sai ya ji salati ya tashi ta bayan katanga. Bai tambayi kowa ba. Ya ajiye fatar ya shiga. Shi ya zuba ruwa liman yana yi wa gawar Ilu wanka, shi ya kama makara ta gaba har maƙabarta, bai yarda an karɓe shi ba ko da kafaɗarsa ta yi tsami. Turai kuwa tun ranar da labarin zaure ya iso mata, ajiye masa tuwo take yi ta juya, ba dariya, ba kwaikwayo.

Bayan sadakar bakwai, yana zaune a ƙofar gida da la'asar, sai ya ga yara suna taruwa. Suka zauna a ƙasa suka naɗe ƙafa. Manya biyu suka zo suka tsaya jikin bango, wani ya kawo tabarmarsa. Abin da ya yi shekaru yana nema ke nan, ga shi ya zo har ƙofa, shi kuma ji yake kamar ya tashi ya gudu.

"Baba Ashafa, an ce littafin yana wajenka."

Ya shiga ya ɗauko. Da ya fito sai ya ga an ɗan buɗe ƙyauren gidan Ilu. Mero tana takaba, ba za ta fito ba. Amma ga ƙafafunta nan a bakin zaure, a bayan labule, inda suka saba zama.

Ya zauna. Ya riƙe littafin a cinya, ya juya shi ta nan, ya juya shi ta can. Wani yaro mai wayo, wanda ya je majigi, ya ce, "Ta hagu ne, ko Baba? Kai ka faɗa."

Ashafa ya sake juya littafin. Ya sa babban yatsa ta dama ya buɗe. Ga ruwa, ga ɗan kwalekwale, ga Mailaima shi kaɗai da laimarsa. Ya gyara murya, ya gwada ta hanci, ta fito masa a shaƙe, ba wanda ya yi dariya. Ya sake gwadawa.

Daga bayan labule Mero ta ce, a hankali, "Malam Ashafa, ɗaga murya kaɗan. Ba na ji daga nan."

Ya ɗaga littafin sama yadda Ilu yake yi, ya karkata shi wajen ƙofarta. Ƙamshin kanumfari ya taso daga cikin takardun.