Na'urar Ba Ta San Inna Ba

Sau bakwai Inna tana ɗora babban yatsanta a kan gilashin, sau bakwai na'urar tana kunna jar wuta. Ma'aikacin ya goge gilashin da bakin rigarsa, ya ce ta gwada manuniya. Ta gwada. Ya ce ta goga yatsan a goshi ko zai ɗan yi maiƙo. Ta goga. Auta, 'yarta, na tsaye a bayanta goye da Mimi, tana jin zafin jikin yarinyar yana ratsa zani.

"Mama, wace sana'a kike yi?"

"Wanki da guga, ɗan nan. Tun ba a haife ka ba."

Ya juya hannunta ya duba. Sumul, kamar cikin sabon kwano. Sabulu ya cinye zanen yatsun tas.

Wata mata daga cikin layi ta ce, "Ki ba shi na ƙafa mana, ko shi ma kin wanke?" Aka yi dariya. Inna ma ta yi, don ba ta saba barin dariya ta wuce ta ba.

Gwamnati ce ta fito da tsarin. Duk gidan da aka rubuta cikin marasa ƙarfi za a ba shi kati, yaransa masu sikila su riƙa samun magani da ƙarin jini kyauta. A rediyo aka ce an kawo na'urar ne don kada masu dogon hannu su karɓe da sunan matattu. Ranar Auta har madalla ta ce. Lokacin da masu rubuta suna suka zo unguwa tana asibiti da Mimi, shi ya sa aka rubuta Inna a matsayin mai gida.

"To a mayar da sunan kaina," in ji Auta. "Ni ce uwar yarinyar."

"Ana yi. Amma sai mai sunan ta amince."

"Ga ta nan, ta amince."

"Da yatsa ake amincewa, 'yar'uwa."

Bai faɗa da wulaƙanci ba. Har shawara ya ba su: Inna ta bar taɓa ruwa sati uku, ta riƙa shafa mai, wani lokaci zanen yana dawowa.

* * *

Auta ta karɓi baho. Inna ta zauna a kan tabarma, hannuwanta cikin tsohuwar safa, tana ba da umarni kamar mai kamfani. "Wuyan rigar ake fara cuɗawa, ke. Haka na koya miki?" Ko alwala sai ta yi da sauri, kamar mai sata. Kowace safiya takan cire safar ta miƙa yatsun ga hasken ƙofa.

"Duba mini, idona ba ya gani. Sun fito?"

"Kamar sun fara," in ji Auta. Ba ta ga komai ba.

A sati na biyu ciwon sikilar Mimi ya tashi. Mimi ta daina kuka da murya, sai dai ta cije gefen matashi tana murɗa ƙafa. Idanunta suka yi ɗorawa. Likita ya ja fatar idon ya duba, ya ce jini take bukata, kuma ba sau ɗaya ba. Ya ce su yi ƙoƙari su kawo katin. Auta ta riga ta sayar da katifarta a tashin ciwon bara. Abin da ya rage a ɗakin, baho biyu ne da dutsen guga.

Suka koma ofishin ranar Laraba. Jar wuta. Yatsu goma, ɗaya bayan ɗaya, jar wuta.

A nan Auta ta zauna a ƙasa ta ce ba inda za ta. Aka shigar da su wurin shugabar ofis, wata mace mai gilashi, wadda ta ba Inna kujera da ruwan sanyi. Ta buɗe wani littafi ta bi layi da biro.

"Akwai rangwame," ta ce. "Wanda ya rasa yatsu, ko ya ƙone, ko ya ji rauni, zai kawo takardar likita, sai a ɗauki hotonsa kawai."

"Mun tambayi likitan," in ji Auta. "Ya ce wannan ba ciwo ba ne, aiki ne. Ba shi da abin rubutawa."

Matar ta cire gilashinta ta murza ido. "Waɗanda suka rubuta wannan ba su tuna da masu wanki ba. Ku ne na shida a watan nan, har da magina biyu. Na rubuta sama."

"Yaushe za su amsa?"

"Ranar Juma'a ake rufe rajista. Sai kuma baɗi."

 Sai da suka miƙe Inna ta ce, "'Yata, sake karanta mini wurin nan." Matar ta sake karantawa. Inna ta yi godiya, ta ajiye kofin a hankali.

* * *

Ranar Alhamis da hantsi Inna ta ɗaure kayan da aka goge, ta ce Auta ta kai wa masu su. "Har na gidan malamin nan mai nisa. Kar ki yi sauri, zan kula da Mimi."

Auta ta kai rabin hanya kafin ta tuna cewa ta bar garwashi a cikin dutsen guga, alhali babu sauran abin gogewa. Inna ce ta ce a bar shi. Ta ajiye ƙullin kayan a shagon wani tela, ta juyo da gudu.

Ƙofar a buɗe take. Mimi na barci. Dutsen guga na tsaye a tsakiyar ɗaki, fuskarsa a sama. Inna na zaune jingine da bango, gumi ya jiƙa mata wuya, hannuwanta biyu a kan cinya, a buɗe, yatsun duk sun ƙone. Ba ta yarda Auta ta kalli fuskarta ba.

"Kar ki sa musu komai," ta ce. "Bari likita ya gani da kyau. Ɗauko mini mayafi, ki yafa mini. Ni ba zan iya ba."