Sunan 'Yar Fari

Hasiya na tsaye a barandar Baba Maitama tana ba tattasansa ruwa, sai wayarta ta yi ƙara. Shi ne, ta bidiyo. Tun da tsohon ya tafi Ingila wajen 'yarsa ya bar mata makulli, kullum sai ya kira ya ga tukwanen nan, kai ka ce jarirai ya bari.

"Maman Afnan, ina kwana? Ya mutanen garinmu Laurel? Kalli inda suka kawo ni."

Ya juya wayar. Fili ne fetal, babu bishiya ko ɗaya, sai gajeriyar ciyawa mai ja-ja da tumaki. Can gaba kangon wata tsohuwar fada ne a kan dutse, rabin katangar ya zube, teku na dukan gindinsa.

"Ɗazu mun zaga wani ƙauye, gidajen dutse, ƙofa sai ka sunkuya. Wai kango ake tasowa tun daga nesa a zo kallo. Da na sani da ban rushe na kakana ba."

Ya mayar da wayar kan fuskarsa yana dariya, amma gefe ɗaya ne na bakin ya yi dariyar. Hasiya ta daɗe tana aikin jinya, ta san farkon shanyewar ɓarin jiki in ta gan shi.

"Baba, ɗaga hannunka na hagu in gani."

"Ya yi nauyi. Tun a mota."

"Ka gaya musu?"

"A gaban suruki? Na ce su hau su yi kallo, ni zan huta a nan."

Kalmomin sun fara laƙewa a harshensa. Hasiya ta zaro wayar aiki daga aljihu ta danna 911, lambar agajin gaggawa. Matar da ta ɗauka ta tambayi adireshi, sai a nan ta tuna teku ce tsakaninsu, ko sunan wurin ba ta sani ba. Lambar 'yar tasa ma ba ta da ita. Tsoro ya kama ta har butar ta suɓuce, ruwa ya jiƙa mata ƙafa.

"Baba, kana hango ta?"

"Ga ta can kan katanga. Mai jar riga."

"Kira ta."

"Ke! Ke yarinya!"

Iska ta kwashe muryar. Masu yawon kallo cike da wurin, babu wanda ya waiwayo.

Duk zaman maƙwabtakarsu, ƙofa na kallon ƙofa, Hasiya ba ta taɓa jin sunan 'yar nan a bakinsa ba. 'Yar fari ce, shi kuwa mutumin da ne, kunya ba ta barinsa. "Waccan ta Ingila" yake cewa. A bakin marigayiya matarsa ta ji sunan.

"Baba, don girman Allah, sunanta za ka kira. Shi kaɗai za ta ji."

Idonsa na hagu na zubar da ruwa.

"Ban taɓa ba, 'yar nan."

"Na sani. Ka yi yau. Ina roƙonka."

Ya ja numfashi. Kiran farko a hankali ya fita, kamar yana ɗanɗana shi. Sannan ya tattaro sauran ƙarfinsa.

"Sadiyya!"

Wayar ta faɗi. Hasiya ba ta ƙara ganin komai ba sai ciyawa da ɗan gefen sama. Ta durƙusa cikin ruwan tana salati, tana kasa kunne. Can ta ji takun gudu, da muryar mace na kiran Baba.

Bai kai yamma ba. A can aka yi masa sutura.

Bayan sadakar arba'in Sadiyya ta zo Laurel kwashe kayansa. Hasiya ta buɗe mata, suka yi gaisuwa, suka ɗaure littattafai da huluna. Sai da suka fito baranda Sadiyya ta yi magana, ba tare da ta ɗago ba.

"Anti, iska ta yi yawa ranar. Kullum ina cewa ko kunnena ne."

"Ba kunnenki ba ne. Ya kira, ya kuma sake kira."

Sadiyya ta gyaɗa kai. Tattasan sun nuna jawur. Ta tsugunna gaban tukwanen, tana tsinka a hankali tana zubawa a gefen mayafinta.