Taƙi Ɗaya a Tirelar Gombo

Ku yi mini afuwa. Ban taɓa rubuta labari ba, na mutane kawai nake karantawa, kuma na san iya shan shayi daban, iya dafa shi daban. Inda na yi tuntuɓe ku kau da kai.

Gombo makiyayi yana da wata 'yar tirela mai taya biyu, ragowar kayan sojojin Rasha da suka bari lokacin da suka tashi daga Mongoliya. Da ita yake ƙaura sau huɗu a shekara, ya ɗaura ta a bayan tsohuwar jif ɗinsa. An yi ta ne don ɗaukar akwatunan harsashi, saboda haka sifirin ɗinta, wato ƙarfen da ke rage jijjiga, faifan ƙarfe tara ne, ba ya ko lanƙwasa. Kowace ƙaura sai kwanukan shayi sun fashe.

Da bazarar nan aksil ɗin, wato sandar ƙarfen da ke riƙe da tayoyin biyu, ya tsage. Hulan, 'yar Gombo, tana gida hutun makaranta. Yarinya ce mai shiru-shiru, in baƙo ya shigo tanti sai ta ɓuya a bayan littafi. Amma ta taɓa karanta wani littafin gyaran motoci daga bango zuwa bango, shi ya sa a ranar ta yi abin da ba ta saba ba, ta buɗe baki.

"Baba, kayanmu duka ba su kai rabin abin da aka yi wa sifirin ɗin nan ba. Shi ya sa take tsalle. A sa mata aksil mara nauyi da sifirin mai laushi."

Gombo ya dube ta yana murmushi har kunne. "Kun ji ko? Ba a banza muka sayar da tumaki muka sa ta makaranta ba."

Suka ja tirelar zuwa gari, wajen Chuluun mai walda. Hulan ta zagaya tarin ƙarafansa da takarda a hannu, ta nuna aksil ɗin wata ƙaramar motar kaya ta Japan, da sifirinsa mai faifai huɗu.

Chuluun ya ɗaga gilashin walda zuwa goshi. "Farfesa, wannan ai na yawon kasuwa ne. Bari in liƙe na sojan, in zare masa faifai uku, shi ke nan."

"Na lissafa nauyin, Kawu," ta ce. "Zai ɗauka."

"Ɗauka kam zai ɗauka. To hanya fa, ita ma ta yi makaranta?"

"Kai dai ka saba da tsatsa," in ji Gombo. "Yi abin da 'yata ta ce."

Chuluun ya ɗaga kafaɗa, ya sauke gilashinsa.

Ranar ƙaurar kaka, suka kwance tanti tun da hantsi. Aka jera bangayen katako da bargunan rufi da murhu, aka naɗe kwanuka cikin riguna. Can sama, kamar yadda aka gada, aka ɗora tono, zoben katakon da ke tsakiyar rufi, wanda sandunan tanti duka ke shiga cikinsa, hayaƙi ya fita ta nan. Ba a tsallake shi, ba a ajiye komai a kansa. Na Gombo kakansa ne ya sassaƙa shi, hayaƙin zuri'a uku ya mai da shi baƙi ƙirin.

A kan ciyawa tirelar ta tafi lif-lif kamar jirgin ruwa. Inna, mahaifiyar Hulan, ta juyo daga kujerar gaba. "Ko ƙarar cokali ban ji ba!" Hulan ta sunkuyar da kai don kada a ga daɗin da ta ji.

Sai suka hau hanya. Hanyar kwarin ba kowa ya yi ta ba sai tayoyi: rami biyu dogaye da jif-jif suka haƙa shekara da shekaru, da tudu a tsakani. Tsohon aksil faɗinsa ɗaya da na jif, yana bin sawunta sak. Hulan ta waiga ta gilashin baya. Tayar hagu tana cikin rami, ta dama ta hau gefen tudu. Kayan sun karkace, sifirin mai laushi yana ta ba su hanya.

Ta buɗe baki za ta ce a tsaya. A daidai lokacin ta hango tsohuwa Dulma da iyalanta sun fito bakin hanya da butar shayi da farantin busasshen cuku, don ba a barin masu ƙaura su wuce ƙofar gida ba a shayar da su ba. Kunya ta riƙe mata harshe. Ta ce a ranta, bari dai mu wuce su.

Ba su wuce ba. Gombo ya ɗan karkata zai tsaya, tirelar ta yi wani jinkiri kamar raƙumi zai durƙusa, ta kife. Igiya ta tsinke. Tono ya gangara, ya bugi dutse, kowa ya ji ƙarar.

Gombo ya durƙusa ya ɗauke shi da hannu biyu. Ya tsage a gefe ɗaya, farin katako ya bayyana a cikin baƙin.

Surukin Dulma ya leƙa ƙarƙashin tirelar ya fashe da dariya. "Yaya Gombo, wa ya sa wa doki ƙafar akuya?"

Hulan ta jira a nuna ta.

"Ni ne," in ji Gombo, bai ɗago ba. "Chuluun ya hana ni, na ƙi ji."

Da ya zage ta a gaban mutane da ya fi mata sauƙi. Inna ta buɗe ƙullin riguna, kwanukan nan ko ɗaya bai fashe ba, ta yi sauri ta mayar ta ƙulle.

Dulma ta ƙwala wa surukin nata murfin buta, ta aika aka kawo ɗanyar fatar sa. "A ɗaure tonon da wannan, in ta bushe ta fi ƙarfe. Zai riƙe rufi. Tabon ne dai ba zai ɓace ba. Ku zauna, shayi na hucewa."

Suka zauna a ciyawa, Gombo yana naɗa fata a kan tsagin, maza suna gardamar yadda za a tada tirela. Hulan ta san duk safiyar da ta buɗe ido, tabon nan ne zai fara gaishe ta daga rufi.

Ta ajiye kwanonta, shayin bai ko ragu ba. Ta zagaya bayan jif, ta ɗauki guntuwar igiyar da ta tsinke, ta gwada tsakanin tayoyin tirela, sannan ta shimfiɗa ta tsakanin ramukan hanya. Faɗin tirelar ya gaza na hanya da taƙi ɗaya. Ta cusa igiyar a hannun riga, ta bi bayan garken tumaki da ya yi gaba, tun kafin wani ya waiwayo ya ce ina Hulan.