Tayil Ɗaya a Tsakiyar Falo

Sunan Ba-Asara ya bi mai tayil ɗin nan ne saboda bakinsa. Tun da ɗan kwangila ya kawo sabon tsari, wai kada a sayi abin da ba za a yi amfani da shi ba, shi ke nan ya samu abin yi. Ya auna falon, ya sake aunawa, ya sa aka sayo tayil daidai wa daida, ko ɗaya bai yi rara ba. Wanda aka yanka a bakin ƙofa, ragowarsa ta tafi lungun bango. Ɗan kwangila ya yi masa alkawari: in ya gama gidan nan ba ɓarna, sauran gidajen layin nasa ne.

Ya kuwa ishi kowa. Birkila ya zubar da siminti, wa'azi. Kafinta ya jefar da guntun katako, wa'azi.

Ranar da za a zo duba aiki, mai wayarin yana kan tsani yana ɗaura fanka, guduma ta kuɓuce masa. Ƙwas! Tayil ɗaya ya fashe a tsakiyar falo, inda ko makaho sai ya ji da ƙafarsa.

"Yi haƙuri, Oga," in ji mai wayarin. "Ɗauko wani mana ka sa."

"Wani daga ina? Daga aljihunka?"

Ya buga wa mai shago waya. Mai shago ya ce wannan kalar ta ƙare, kamfanin ma ya daina yin ta. Haushi ya turnuƙe Ba-Asara.

Birkila ya leƙo yana danne dariya. "Ɗan'uwa, ciro na ƙarƙashin kabad ɗin kicin. Wa zai gani?"

Dabara ce, ba musu. Ba-Asara ya durƙusa da kurfi, ƙarfen ɓamɓara, yana lallaɓa tayil ɗin kamar ƙwai. Ina! Shi da kansa ya shimfiɗa simintin, bai bar rami ko na iska ba. Na farko ya tsage. Na biyu ya dare gida uku.

Ya zaga bayan gidan da sauri, inda aka saba jibge tarkace, ko zai dace da guntaye biyu ya haɗa. Wurin tas, a share ƙal. Shi da bakinsa ya sa aka share.

Yana nan tsaye da kurfi a hannu ya ji hon ɗin motar ɗan kwangila a bakin get.