Kibiyar Inno

A zamanin da mahara ke faɗo mana bayan girbi, garinmu da ke ƙasar Gwiwa yana da namiji ɗaya da muke bugun ƙirji da shi, Mamuda. Ƙirjinsa da damatsansa duk tabon mashi ne, amma gadon bayansa sumul, ko ƙwarzane babu, don bai taɓa juya wa abokin gaba baya ba. Kirarinsa ke nan, kuma Allah ya jarabce shi da son a sani. Ko sanyi ake zubawa, sai ya tuɓe riga a bakin rijiya don masu ɗiban ruwa su gani.

Wata rana da hantsi mahara suka auko. Jama'a suka kwarara cikin ganuwa. Ana shirin rufe ƙofa sai aka hango Inno, tsohuwar Bafillatanar da ke kawo mana nono, tana jan ƙafa a fili, ƙwaryarta ta fashe. Mamuda ya fita a guje. Bai goya ta ba, rungumo ta ya yi a ƙirji kamar damin gero, ya juyo da ita. Yana shigowa ya dire ta, ya yafa bargo, ya wuce gida.

Ashe kibiya ta same shi ta baya, a ƙasan kafaɗa. Ya karya karan, ƙarfen yana ciki, ga dafi. Matarsa Ma'u ta roƙe shi da kuka ya bari a kira Haladu wanzami.

"Wanzami bakinsa ba ya shiru," in ji shi. "Gobe kasuwa ta ɗauka an harbi Mamuda a baya. Gara a binne ni da sunana."

Ina ƙaunar mutumin nan, amma wallahi wannan wauta ce. Ya fi tsoron bakin mutane a kan kabari.

Ma'u ta rasa yadda za ta yi, ta je ta faɗa wa Inno. Tsohuwa ta ɗauki sandarta, ta tasa wanzami a gaba, rabin gari na biye. Suka tarar da Mamuda a zaure ya jingina da bango, gumi na tsiyaya, leɓɓansa sun bushe.

"Ɗana, na zo karɓar kayana," in ji Inno.

"Wane kaya, Inno?"

"Kibiyata. Ni aka auna, na ga mai bakan da idona ta saman kafaɗarka. Kai ka tare, ka kawo ta gida ka ɓoye. Yanzu jarumin garin nan riƙe kayan tsohuwa ya koma?"

Mamuda ya daɗe yana kallon ta. Can sai ya yaye bargon, ya juya wa jama'a baya a karon farko.

Haladu ya tsaga ya zaro ƙarfen, ya kafa ƙaho ya zuƙe dafin. Mamuda ko motsi bai yi ba. Inno ta karɓi ƙarfen ta ƙulle a bakin zanenta, ta yi gaba.

Ya warke. Amma har ya tsufa bai sake tuɓe riga a bakin rijiya ba, kunyar tabon nan yake ji, kuma babu wanda ya iya raba shi da ita. Mu kuwa, duk baƙon da ya tambaye mu tabunan Mamuda, da na bayan muke farawa.