Furen Kwarashi a Jikin Murjani

Da ɗanmu Urosh ya tafi Jamus neman aiki, abin da ya bar mana shi ne akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, da kifi biyu masu ruwan lemo, da wani koren abu mai faɗin faifai manne a kan dutse, wai shi murjani ne kuma yana da rai. A Novi Sad fa, garin da sai ka yini a mota kafin ka ga teku.

Mijina Toza direban bas ne. Mutumin da bai taɓa sanin ajin da yaron yake a makaranta ba, shi ne ya koma auna gishiri da cokali kamar mai haɗa magani. Na san dalili. Shi da Urosh ba su taɓa yin magana uku a jere ba tare da ɗaya ya buga ƙofa ba. Amma tun da murjanin nan ya shiga tsakaninsu, duk Lahadi bayan cin abincin rana sai su yi awa guda a waya, ana haska akwati ta kowace kusurwa. Ni da na haife shi, rabona shi ne "Mama, ya gida?", sai a juya waya wajen kifi. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba.

To, a gidana babu abin da yake zama tsirara. Talabijin na da shustiklarsa, wato ƙyallen adon nan da muke saƙawa da kwarashi. Firji na da tasa, rediyo ma haka, har injin wanki. Sai ga wannan akwati a tsakiyar falo, murfinsa na gilashi a fili, fitila na rataye a samansa. A satin farko maƙwabciyata Yelka ta shigo shan kofi, ta dube shi, ta dube ni.

"Milunka, zare ne ya ƙare miki? Ki faɗa, ina da saura."

A ranar na ɗauko mafi kyawu a cikin akwatina, mai fure ganye takwas, saƙar mahaifiyata, mai kauri, ta sha sitati. Na shimfiɗa ta a kan murfin. Toza na dawowa ya ɗaga ta da yatsa biyu kamar ya tsinci mataccen ɓera.

"Kada in sake ganin wannan a nan."

Bai sake gani ba kuwa. Yana fita da safe in shimfiɗa, kafin ƙarfe huɗu in naɗe. Ran Lahadi kaɗai murjani yake ganin fitilarsa ido da ido.

Bayan wata huɗu koren ya koma launin ragowar kofi a gindin kofi. Urosh ya duba ta waya ya ce, "Haske ne ya yi masa kaɗan, Baba. Dogayen kwararan fitilar nan sun tsufa. Ka nemi sabuwar fitila."

Nan gidana ya zama jami'a. Wata biyu Toza yana zaɓen fitila, shi da bai yi sati biyu yana zaɓena ba. Takardu sun cinye teburin cin abinci. Ina zuba masa miyar wake yana tambayata ko shuɗi ya kamata ya fi yawa ko fari. Kullum in ya sauka daga aiki sai ya biya shagon Dragisha mai sayar da kifin ado, su yi ta musu, ya dawo ya maimaita mini musun da muryoyi biyu.

"Wai in sake sayen kwararo. Na ce masa, Dragisha, kai ma kwararo ne, tsoho mai ƙyaftawa."

Wata Lahadi ya aro na'urar auna haske ya tsoma a ruwan. Na tsaya a bakin ƙofa da tsumma a hannu. Na'urar ta nuna tsohuwar fitilar lafiyarta ƙalau. Toza ya girgiza ta, ya sake tsomawa, sannan ya yanke hukunci cewa na'urar maƙaryaciya ce kamar mai ita. Na koma kicin na ce wa kaina ai ƙyalle mai huda ko'ina ba zai tare komai ba. Na san ƙarya nake yi, amma ƙaryar ta zauna mini daidai.

Ƙarshe ya kawo wata baƙar fitila kamar faranti, cike da ƙananan idanu, da waya ake sarrafa ta. Tana yin fitowar rana, tana yin faɗuwar rana, har walƙiya tana yi, kamar kifi biyun sun roƙa. Urosh ya ja masa kunne ya fara da kaɗan, yana ƙarawa a hankali. Amma Toza bai taɓa tafiya a giya ta ɗaya ba muddin akwai ta huɗu. Da ya ga sati ya wuce babu canji, sai ya murɗa ta har ƙarshe. Falona ya koma kamar ɗakin tiyata. Ni kuwa na ci gaba da shimfiɗata, daidai wuri ɗaya kullum, don ba na son abu a karkace.

Cikin sati uku fararen ɗigo suka feso a jikin murjanin. Toza ya daina cin abinci. Ran Asabar da yamma na same shi zaune gaban akwatin, ƙaramin kofin barasarmu da muke kira rakiya a gefensa bai taɓa ba.

"Milunka," ya ce, bai juyo ba, "in abin nan ya mutu, me zan riƙa ce masa?"

Shekara talatin da huɗu ban taɓa jin wannan muryar a bakinsa ba. Tausayinsa ya kama ni, tsoro ma ya kama ni. Na buɗe baki zan faɗa, sai na ji kaina ina tambayarsa ko zai ci burodi da cuku.

Washegari Urosh ya kira. Toza ya haska masa murjanin.

"Matsa baya kaɗan, Baba. A'a, ta sama. Ɗaga wayar." Toza ya ɗaga. "Baba, ɗigon nan a jere suke. Ɗaya, biyu... ganye takwas. Ina Mama?"

Na leƙo.

"Mama, wannan ba furen Kaka ba ne? Wanda na ƙona gefensa da ashana kika bi ni har tsakar gida?"

Sai dariya. Ya yi ta yi har wayarsa ta faɗi, muka koma kallon silin ɗin Jamus. Toza ya dubi murjani, ya dubi saman talabijin, ya dubi saman rediyo, sannan ya dube ni. Na gyara zaman rigata.

Da Urosh ya samu numfashi ya yi bayani. Tsohuwar fitila haskenta a baje yake, shi ya sa ƙyallen ya dusashe komai baki ɗaya. Sabuwar kuwa kaifi gare ta. Inda huda take, ta ƙone murjanin ya yi fari. Inda zare ya tare, ya tsira.

"Da ba don shustiklar Mama ba, Baba, da duka ka soya shi."

"Da ba don shustiklar uwarka ba," in ji Toza, "da ban sayi fitila ba."

"Da ka saurari yaro ka fara da kaɗan," na ce, tunda dai an riga an kama ni.

"Ke, ki yi shiru, ɓarauniyar rana."

Urosh ya ce a rage fitilar, amma kada a yaye rufin gaba ɗaya, abin ya saba da inuwa. Ana bukatar wasu shustikla guda uku, kowace hudarta ta fi ta baya faɗi, a riƙa canzawa duk bayan sati biyu. "Ba Mama wayar," ya ce.

Minti arba'in muka yi a kan lambar kwarashi da kaurin zare. Toza na zagaye mu yana tari, babu wanda ya tambaye shi komai. Ran Litinin ya dawo daga aiki ya dire mini ƙullin zare a kan tebur. Bai dace ba, ya yi kauri, amma na karɓa.

Ran Laraba da rana wayata ta yi ƙara. Tawa, ba ta Toza ba, kuma ba Lahadi ba. Urosh ya tambayi ina na kai a saƙa ta biyu, na nuna masa. Sannan ya ce, "Mama, in mutum zai dafa wake irin naki, yaushe ake zuba soyayyen garin?"

Toza yana hutu ranar. Na gan shi tsaye a bakin ƙofar kicin, wai yana neman wani abu a aljihunsa. Na ƙara muryar wayar, na ajiye ta a tsakiyar tebur, na tura masa kujera da ƙafa.