Baƙin Intalok a Bayan Gida

"Ƙafata ta dahu, malam! Gishiri kawai ya rage a barbaɗa mata," in ji uwargida, tana tsalle daga wajen shanya zuwa kicin.

Tun farko magini ya ce a shimfiɗa intalok mai haske a bayan gidan, a bar tsaga tsakani ruwa ya riƙa shigewa. Mijinta ya kafe sai baƙi, wai ba ya nuna datti. To ga shi nan. Da safe gansakuka ta sa kowa sulɓi, da rana kuwa ko kaza ba ta sauka daga katanga. A can take yin ƙwai, yana faɗowa yana soyuwa.

Yau shi ma ya gamu da shi. Ya je alwala famfon ƙarshen gida, silifas ɗinsa suka narke suka manne. Yana tsaye kan kifaffen bokiti, ga ladan ya kira azahar.

"Ai ba ya nuna datti," ta ce, ta shimfiɗa dardumarta a inuwa.

"Uwar yara, don girman Allah, kafin ki tayar da salla, jefo min ko faranti biyu in taka mana."